Abin da Kwanso Ya Ƙi

Eden Valley,
4 ga Satumba, 1978

Zuwa ga ɗan'uwana Elmore,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kuma zafin arewa bai gama soya ka ba. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Na samu katinka na Ista. Rubutunka sai ƙara ƙanƙancewa yake, sai da na kai shi bakin taga kafin na gane gaishe ni kake yi.

Rabonmu da juna tun jana'izar mijina Clarrie, shekara biyu ke nan, yau kuma ga ni da buƙata. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ba ka da wurin gudu.

Ka tuna inabin da Clarrie ya dasa a gangaren rafi kafin ya kwanta ciwo? Bana ya kama ƙasa sosai, ya fara toho kore shar. To, barewa sun gano shi. Ta inda ambaliyar bara ta kayar da shinge suke shigowa da asuba, su bi layi suna tsinke tohon kamar an ɗauke su aiki.

Ɗana Leith ya zo ranar Lahadi ya gani, ya bar matarsa Coralie a gida. Kai ka san shi yana yaro mai majina, yanzu shi ne babban mutum mai sayar da firji a Adelaide. Ya tsaya a tsakiyar layin da takalminsa na ofis, ya ce, "Mama, gonar nan ta fi ƙarfinki. Mun gyara miki ɗaki a bayan gidanmu, har labule Coralie ta sa."

Na ce, "Wane launi?"

Ya ce, "Ruwan hoda."

Na ce, "To ka rataya a motarka."

Mun daɗe muna ja-in-ja, a ƙarshe muka tsaya a kan magana ɗaya. In na iya kare inabin nan da hannuna bana, zai bar ni in zauna a gidana. In barewa suka cinye, in tattara kayana in bi shi. Elmore, a ɗakin nan na gaba aka haife ni. Ba na son in mutu a bayan gidan kowa, ko da na ɗana ne.

Don haka na sauko da bindigar Babana Benno, wadda kakana ya sa aka kawo masa daga Jamus kafin yaƙin duniya na farko. Na goge ta, tana nan sumul. Harbi kuwa na iya, kai shaida ne, tunda a gabanka na fasa kwalbar da ka yi ta kuskurewa ranar bikin 'yar'uwarmu Rhoda. Matsalar ita ce harsashi. Cikin waɗanda Baba ya bari saura uku, kwalinsu ya ruɓe tuntuni, kuma ban san ko albarushinsu na da sauran rai ba. A gindin kowanne an buga 8x57. Kwansunan harsashin da aka riga aka harbe ne dai ke nan gwangwanin biskit guda, don a gidan nan ba a zubar da komai.

Na je wani shago a Gawler, mai shagon ya jera mini iri uku masu wannan lamba: na Amirka, na Turai, da wasu ragowar na soja masu araha. Ya ce in zaɓa. Ni inabi na sani da kaji. Kai ne ka ƙare rayuwarka a daji da bindiga a bayan mota, sai ka gaya mini wanne zan saya. Kada ka ɗauki wata uku kafin ka ba ni amsa kamar yadda ka saba, barewa ba sa jiran jirgin wasiƙa.

Taka,
Verna

*

Gidan shanu na Ardlea,
ta hannun gidan waya na Derby,
17 ga Satumba

'Yar'uwata Verna,

Na gode wa Allah da jin kina lafiya. Ki gaishe mini da gwiwar. Ni ma lafiya, sai dai rijiyoyi sun yi mini yawa, in na gyara famfon gabas sai na yamma ya tsaya, shanu kuma ba sa karɓar uzuri. Rubutuna yana nan yadda yake tun muna makaranta. Kwalbar bikin Rhoda kuwa, rana ce ta shigar mini ido, kowa ya sani.

Na ji maganar Leith, raina bai so ba. Yaron kirki ne, tsoro yake ji kada wata rana ya zo ya same ki a faɗe a gona. Amma ni ina bayanki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga amsar tambayarki, ki karanta a natse. Na soja kada ki ko kalle su. Kansu ƙarfe ne rufe ruf, sai ya ratsa dabba ya wuce, ta gudu daji ta kwana tana wahala. Ga shi suna barin tsatsa a cikin bututu. Na Amirka ba su da laifi wajen tsabta, amma ragwaye ne. Ban san dalili ba, kullum sai su rage wa wannan lamba albarushi, ki harba ki ji kamar an tofa yawu. Ki sayi na Turai. Can aka haifi bindigar, su suka san cimarta. Ki duba mai kai mai nauyi, wanda dalma ta leƙo a bakinsa, shi ne ke buɗewa a cikin nama ya kayar da barewa inda take tsaye. Ki duba kwansunan su kasance masu sheƙi, babu kore-kore a jikinsu, kuma duk daga kwali ɗaya, kada ya haɗa miki da saura. Kafin ki tunkari dabba, ki kafa garwar kananzir a nisan da za ki riƙa harbi, ki gwada ki ga inda yake faɗawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar gwangwanin biskit ta sa ni dariya ni kaɗai a rumfa. Na tuna Kawu Benno zaune a kan bencinsa. In ya sayo sabon kwali, sai ya ɗauko tsohon kwanso, ya juya sabon harsashi ya cusa kansa a bakin tsohon, wai yana neman izinin dattijo. Mu muna leƙe ta taga muna ƙyalƙyala dariya. Har Fasto ya taɓa tare shi a bakin coci ya yi masa nasiha a kan camfi, shi kuwa ya cire hula ya saurara, ya koma gida ya ci gaba da abinsa.

In kin kayar da ta farko, ki tuna da maraya. Rabona da niƙaƙƙen naman nan namu da ake cusawa a hanji, mai hayaƙi da tafarnuwa tun ina da gashi a ka. Nan naman shanu ne safe da yamma, har na fara jin kunyar haɗa ido da su.

Naki,
Elmore

*

Eden Valley,
2 ga Oktoba

Ɗan'uwa Elmore,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, an yi ruwa mai kyau a makon jiya, gwiwa ta yi gaskiya. Kajina biyu sun daina ƙwai, na ba su wa'adi.

Na bi maganarka tiryan-tiryan. Na sayi na Turai, kwali mai kyau da hoton barewa a jiki, kamar ita ma an tambaye ta ta yarda. Kan mai nauyi ne, dalma a baki, kwansuna suna ƙyalli kamar cokalin biki. Na sa ɗaya a bindigar na gwada rufewa. Ta rufu, sai dai na ɗan danna da tafin hannu. Ina jin sabunta ce, ko kuma hannuna ne ya yi sanyi.

Ban harba ba tukuna. Na gaya wa Leith, ya ce in jira shi, yana so ya gani da idonsa. Zai zo Lahadi ta huɗu ta wannan wata, bayan coci. Za mu kafa garwa a gindin tsohon itacen nan na bakin rafi. Ya ce in na huda ta, zai daina maganar labule har bayan girbi. Ka ga yaron da na koya wa riƙe cokali zai zauna ya yi mini jarrabawa.

Kafin nan ina fita da asuba da murfin tukunya da muciya ina kora. Kwana biyu na farko sun gudu. Yanzu sai su ɗaga kai su dube ni, su ci gaba da cin abinsu. Akwai wata babba mai tsagaggen kunne, ita ce uwar tafiya, ni da ita mun san juna.

Mun yi ta yi wa Baba dariya, har da ni a ciki. Amma ka manta cewa sau biyu ya mayar da kwali shago bayan neman izinin nan nasa. Mama ta tambaye shi dalili, ya ce, "Dattijo ya ƙi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ka san shi, in ya yi magana goma a yini to ranar an yi baƙi.

Naman hanji sai ka yi haƙuri, ba a sayar da fatar da ke yawo a daji.

Taka,
Verna

*

WAYAR TALGIRAM. DERBY, 16 OKTOBA. ZUWA GA VERNA KLEINIG, EDEN VALLEY.

KADA KI HARBA. BINDIGAR TA TSUFA DA WANNAN. KI AJIYE. WASIƘA NA TAFE. ELMORE.

*

Eden Valley,
18 ga Oktoba

Elmore,

Ina fatan kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ko da yake na ga alama wasu sun yanke mini hukuncin tsufa.

Na samu wayarka. Matar gidan waya ta kawo da kanta, ta karanta mini a bakin ƙofa da murya mai tausayi, yanzu duk garin ya san bindigata ta tsufa. Wata guda da ya wuce da tsohuwar zuma ake magani, yau kuma a ajiye. Yaushe Leith ya rubuto maka? Me ya ce, na fara mantuwa, ko na bar tukunya a wuta? Shi ɗana ne, ya faɗa mini a gaban idona. Kai kuwa ka ce kana bayana. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Ranar Lahadi zan harba garwar nan, da yardar Allah. Ba sai ka wahalar da kanka da wata wasiƙa ba.

Verna Kleinig

*

Ardlea,
16 ga Oktoba

'Yar'uwata Verna,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya, da hannuwanki biyu da idanunki biyu. Na aika miki waya da safen nan ta rediyon gidan. Mai karɓa ya ce in taƙaita, ga mutane a layi, shi ya sa na ce ki jira wasiƙa. Ga bayanin.

Na ba ki shawarar da za ta iya halaka ki. Jiya wani tsoho mai suna Janek ya sauka a nan, mutumin Turai ne da ke yawo gida-gida yana harbin karnukan daji. Muna shan shayi na karanta masa wasiƙarki ina fariya, wai 'yar'uwata ta nemi shawarata. Ya ajiye kofi ya ce, "Wace shekara aka ƙera bindigar?" Na ce kafin yaƙin farko. Ya ce, "Kuma ta ce sai da ta danna kafin ta rufu?" Na ce haka ne. Ya ce, "Tashi ka je wajen rediyo."

Ashe lambar nan 8x57 suna ɗaya ne a kan abu biyu. Bindigogin farko maƙogwaronsu, wato cikin bututun, siriri ne. Daga baya aka ƙara wa harsashin kauri, aka buɗe maƙogwaron sababbin bindigogi, amma maƙeran bindigar farauta da yawa suka ci gaba da yin siririn. Bambancin bai fi kaurin takardar nan da nake rubutu a kai ba, ido ba ya gani. Harsashin Turai na yanzu kusan duk mai kaurin ne, ga albarushi cike. In aka tura shi cikin siririn maƙogwaro, ƙarfin ba shi da wurin fita da sauri, sai ya nemi hanya ta baya, inda fuskar mai harbi take. Na Amirka da na zaga, saboda irin bindigarki suke rage musu ƙarfi. Ko su ma Janek ya ce kada ki yarda da su sai an auna.

Kuma Verna, Kawu Benno ba camfi yake yi ba. Kwanson da aka harba a bindiga yana buɗewa ya ɗauki girman cikinta. In kan sabon harsashi ya shige bakinsa salin-alin, akwai wuri. In ya cije, babu. Awo yake yi muna dariya.

Ki kai ta wurin mai gyaran bindiga a Adelaide ya auna maƙogwaron. Kafin nan kada kowa ya taɓa kunamarta.

Naki,
Elmore

Ƙari, 24 ga wata: hadari ya sauko da wuri, filin jirgi ya zama taɓo, jirgin wasiƙa ya yi shawagi ya juya. Takardar nan tana aljihuna har yanzu. Lahadin ta wuce. Ina roƙon Allah wayar ta ishe ki.

*

Ardlea,
5 ga Nuwamba

Verna,

Ina gaisuwa, ban san ko a gida wannan za ta same ki ko a asibiti ba. Jirgi ya sauka jiya, ya tafi da wasiƙata ya bar mini taki ta sha takwas ga wata. Na karanta ta a tsaye a bakin filin.

Leith bai taɓa rubuto mini ba, ko adireshina ba shi da shi. Bindigar na ce ta tsufa da wannan harsashi, ban ce ke ba. Na sake aika waya jiya, shiru. Ki zage ni yadda kika ga dama, amma ki zage ni da hannunki a takarda in gani. Jiya na kwance famfo guda na ɗaura shi a juye, yaran shanu suna ta kallona.

Elmore

*

Eden Valley,
14 ga Nuwamba

Ɗan'uwana Elmore,

Ga hannuna, ka gani. Yatsu goma, ido biyu, hanci yana inda ka bar shi. Ka koma ka gyara famfon mutane. Wayarka ta biyu na ƙi bari a karanta mini, na danne ta a ƙarƙashin agogo, don ina fushi. Wasiƙunka biyu tare suka zo ranar Juma'a. Na karanta na zauna a matakalar ƙofa na daɗe ban tashi ba. Ka yafe mini abin da na rubuta.

Bari in ba ka labarin Lahadin. Na dawo daga coci da zuciya a wuya, na ce ko don in ba ka haushi sai na harba. Leith ya kafa garwa, ya shimfiɗa mini buhu a kan kututture. Na buɗe sabon kwali na zaro ɗaya. Sai na ga gwangwanin biskit a gefena. Wallahi ban san lokacin da na ɗauko shi daga rumfa ba, hannu ne ya yi abin da ya saba gani. Na ɗauki kwanso ɗaya, na juya sabon harsashin na sa kansa a baki. Ya shiga kaɗan ya cije. Na canza kwanso, haka. Na ɗauko ɗaya daga cikin ukun Baba, ya zurma kamar yatsa a zobensa.

Leith ya ce, "Mama, me kike yi ne?"

Na ce, "Ina neman izini."

"Wurin wa?"

"Wurin dattijo. Kuma ya ƙi."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya fito da riga a bai-bai. Ya ce, "In tsoro kike ji ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Kawo in harba miki ki ga ba komai." Ya miƙo hannu zai ɗauka. Na zauna a kan bindigar, Elmore. Da kayan cocina, a kan ciyawa, na zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Na ce, "Kakanka bai taɓa harba abin da kwanso ya ƙi ba, kai ma ba za ka harba ba."

Ya ce, "To harba na Kakan mana."

Na ce uku suka rage, ba zan ɓata su a kan garwa ba. Gaskiyar ita ce ban san me na yarda da shi ba kuma. Ya tattara buhunsa a hankali, ya ce, "Mama, kin ga abin da nake faɗa ko?" Ya tafi ko shayi bai sha ba. Na tabbata a hanya yana lissafin motar kwasar kaya.

Da wasiƙarka ta zo na buga masa waya na karanta masa. Washegari ya zo da kansa ya kai ni wurin mai gyaran bindiga. Mutumin ya ɗauki 'yar dalma mai laushi ya tura ta cikin bututun daga baya har ta fito, ya auna ta, ya ce siriri ne. Leith ya tambaye shi me zai faru da an harba. Ya ce wani lokaci ba komai, wani lokaci kuma mutum ya koyi aske gemu da lalube. Leith ya fita waje ya tsaya a jikin mota.

Har yanzu akwai masana'anta a Turai da ke yin siririn, amma sai an yi oda, ta jirgin ruwa, ba zai iso ba sai bayan sabuwar shekara. Ya duba ukun Baba ya ce sun tsufa, kada in dogara da su. Don haka na koma ga murfin tukunya. Mai tsagaggen kunne ta kawo ƙawayenta, sun cinye layi biyu na ƙasa tas. Leith ya ce yarjejeniya tana nan, amma za a jira kwalin.

Taka,
Verna

*

Ardlea,
29 ga Nuwamba

'Yar'uwata,

Na ga hannunki, na gode wa Allah. Na karanta wa Janek wurin da kika zauna a kan bindiga, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce in gaya miki in kwalin ya zo, shi ma ki nemi izini, kada ki yarda da rubutun jikinsa kawai. Ni dai na daina ba da shawarar bindiga, rijiya ce sana'ata.

Abu ɗaya zan ƙara, kada ki yi fushi, ba ni da ƙarfin wani fushin. Rubutuna bai ƙanƙance ba, Verna. Ki je a duba miki ido kafin ranar garwa.

Naki,
Elmore

*

Eden Valley,
20 ga Fabrairu, 1979

Ɗan'uwana Elmore,

Gaisuwa da fatan damina ta bar muku filin jirgi. Mu nan zafi ake, inabi ya fara nuna, gwiwa ta samu hutu. Kajin nan biyu ba su cika wa'adi ba, mun ci su ranar Kirsimeti.

Na yi fushi da maganar ido, amma na kwana biyu kawai. Ban je an duba ba a lokacin, ka san ni.

Kwalin ya iso ƙarshen Janairu. Ba shi da hoton barewa, ba shi da ado ko kaɗan. Na nemi izini, dattijo ya yarda, kan ya zurma har ƙarshe. Leith ya zo ya kafa garwa a gindin itacen. Na kwanta a kan buhu, na ɗora kunci, na nemi ɗan tsinin saitin da ke bakin bututu. Elmore, babu shi. Hayaƙi-hayaƙi kawai nake gani, garwar ma kamar guda biyu. Na harba, ƙura ta tashi can gefe. Na sake, na sare wa itacen reshe. Bindigar kuwa ta yi ƙara mai daɗi, ta rufu ta buɗu kamar ƙofar coci.

Leith ya ce, "Kawo in gani ko saitin ne." Ya ɗauki harsashi, sai na ga ya laluba gwangwanin biskit ya zaro kwanso ya gwada, bai ko dube ni ba. Ya harba. Garwar ta yi tsalle.

Na tashi na shiga rumfa wai zan ɗauko mai, na tsaya a gaban bencin Baba na yi kuka. Na faɗi jarrabawa a gaban ɗana, ba bindiga ba ce ta tsufa, ba harsashi ba ne. Na share fuska na fito ina jiran maganar labule.

Na same shi zaune a kan kututture yana shafa ƙotar bindigar. Ya ce, "Da ƙarfe nawa barewar suke shigowa?"

Na ce, "Kafin kaji su sauko."

Ya ce, "To sai in kwana."

Rabonsa da kwana a gidan nan tun daren jana'izar ubansa. Na shimfiɗa masa a ɗakinsa na da, ƙafafunsa sun wuce gadon. Da asuba ya fita, na ji ƙara ɗaya. Ya kayar da wani matashin namijin barewa nan take, inda yake tsaye, yadda ka ce. Mun yini muna yanka da niƙa da cusawa a hanji, ya sa tafarnuwa fiye da kima kamar ubansa. Naka yana rataye a ɗakin hayaƙi, zai taho da jirgin da ya fara samun busasshiyar ƙasa.

Da zai tafi ya ce, "Mama, ba ni kwalin mana. In na samu hutun mako guda sai in zo da abokina mu share su gaba ɗaya, ki huta."

Na ce, "Harsashin da ya yi wata uku a teku za ka watsar a mako guda? Biyu zan riƙa ba ka duk zuwa."

"Biyu kacal?"

"Kakanka ɗaya yake fita da shi."

Yanzu duk bayan mako biyu yana zuwa ranar Juma'a da yamma. Wancan zuwan har da Coralie, ta taya ni ɗaure inabi, kuma a bakinta na ji cewa ta sa keken ɗinkinta a ɗakin nan na baya. Ni ban tambaya ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Ya kai ni wurin likitan ido da ƙarfin tsiya, an ce yanar ido ce, za a cire a watan Mayu. Kada ka ce ka faɗa.

Mai tsagaggen kunne tana nan da ranta, na ce wa Leith namanta zai yi tauri. Maƙwabcina Zweck ya zo jiya da wayar shinge da turaku a bayan motarsa, wai zai tayar mini da shingen bakin rafi, ya ƙara masa tsawo yadda ko ɗaya ba za ta sake shigowa ba. Na ba shi shayi da burodi na gode masa ƙwarai, na ce ya bari tukuna. In suka daina shigowa, me zai kawo Leith ranar Juma'a? Layi biyun nan na ƙasa na bar wa barewa. Clarrie zai gane.

Taka har kullum,
Verna